Jan Biro a Littafin Auta

Asabar, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

'Yata Auta ba ta zo ba. Shekara shida ke nan tun da ƙafafuna suka fara yi mini gardama, ba ta taɓa tsallake Asabar ba sai ranar da ta haihu, ita ma ranar ta bugo waya. Na fitar da kofi biyu tun ƙarfe uku. Yanzu na mayar da ɗaya.

Wataƙila aiki ne ya yi mata yawa a shagon magani.

Litinin, 7 ga wata, ƙarfe goma na safe

Nas ɗin da ke zuwa auna mini jini ta tafi yanzu. Ta dubi na'urarta, ta dube ni.

"Baba, jinin nan ya hau. Ka koma cin gishiri ko?"

Na ce mata rabona da gishiri tun tana firamare.

"To da wa ka yi faɗa? Don ka san na'urar nan ba ta ƙarya, tsofaffi ne ke yi."

Ban yi faɗa da kowa ba. Bari in rubuta abin da ya faru daki-daki, don in gani da idona cewa ban yi laifi ba.

Auta ta rubuta littafi, ƙagaggen labari, shafi ɗari biyu da talatin. Shekara huɗu tana yin sa, tsakanin shago da yara. Wani kamfanin ɗab'i ya karɓa, suna jiran ta miƙa musu na ƙarshe kafin wannan watan ya mutu. Ta kawo mini shi a cikin ambulan, ta ce, "Baba, ina so ka karanta kafin kowa." Na karanta. Waccan Asabar ɗin na mayar mata.

Shekara talatin da takwas na yi ina koyar da falsafa. Ban iya karatu ba biro a hannu ba. Ko takardar kuɗin wuta aka kawo mini sai na ja layi a ƙarƙashin wani abu. Ta san haka tun tana rarrafe. Idan ka ba kafinta kujera ka ce ya duba, ai ƙafarta zai girgiza.

Ta buɗe ambulan ɗin a gabana, ta dinga juya shafuka. Da ta zo babi na tara sai ta tsaya. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Na gode, Baba," ta wanke kofuna ta tafi.

Ta ce ta gode. Na rubuta wannan don kada in manta.

Laraba, 9 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na buga wa Auta waya sau biyu. Tana shiga, ba a ɗauka.

Alhamis, 10 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Zafi yau. Ban kunna fanka ba.

Na ɗauko littafina daga kanta, wanda na rubuta a kan tausayi. Shafi ɗari uku da wani abu. Ƙura ta ci bayansa. Na buɗe babi na biyu, inda na ɗauki shafi goma sha ɗaya ina bambance tausayi da jin ƙai da rangwame. Har yanzu ban ga kuskure a ciki ba. Kowace jimla tana riƙe da hannun 'yar'uwarta. A lokacinsa an yabe shi, an ce ban bar ƙofa ko ɗaya a buɗe ba.

Na mayar da shi.

Akwai abin da ke cikin babban ƙamus, tsakanin shafukan harafin F. Ban taɓa ƙamus ɗin ba yau.

Asabar, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ba ta zo ba. Kofi ɗaya na fitar, amma sai da na leƙa taga duk lokacin da mota ta rage gudu.

Talata, 15 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Gatanan ya zo. Ɗalibai ne suka sa masa wannan sunan shekara arba'in da suka wuce, saboda adabi yake koyarwa, ni kuma suka sa mini Malam Don-me. Ofishinmu ɗaya, bango ma babu tsakaninmu sai kabad. Yanzu idonsa ya tafi, sai sanda. Layi biyu ne tsakanin gidana da nasa, amma ya ce ya ƙirga rami goma sha bakwai a hanya, kuma duk ya gaisa da su.

Bai ko zauna ba ya fara.

"Don-me, ashe har yanzu ba ka mutu ba."

"Ina jiran ka riga ni, in gyara maka rubutun kan kabari."

"Da jan biro ko?"

Sai na san abin da ya kawo shi.

Auta tana kiransa Kawu. Ashe ta je gidansa ranar Lahadi. Tun da ba ya gani, ita ta karanta masa littafin, wuni guda, har da abin da na rubuta a gefen shafuka, don ya ce sai ta karanta. Ya haddace su, tsohon banza, ya dinga jero mini su da irin muryata.

"'Me kike nufi da kaɗaici? Fayyace.' 'Wannan ba ya biyo bayan wancan.' 'Ina hujja?' Don-me, yarinya ta ce ruwan sama ya yi kama da kuka, ka rubuta mata ina hujja!"

Na ce masa ai ruwan sama ba ya kama da kuka.

"Na ji. To babi na tara fa?"

Na ce shayinsa zai huce.

"A kan babi na tara ka rubuta: 'Wannan ba zai yiwu ba. Babu mutumin da zai yi haka. A cire.' Ƙarya na yi?"

Na tura masa kofin shayin gabansa.

Ya ce Auta ta rubuta wa kamfanin ɗab'in cewa ta fasa. Su kuma sun ce za su riƙe mata gurbi har ƙarshen wata, ko za ta sake shawara. Littafin yana cikin akwati a ƙarƙashin gadonta. Ta ce masa in dai babi na tara ba zai yiwu ba, to duk littafin ba zai yiwu ba, don saboda shi ta rubuta sauran.

Da zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa yana laluben takalmi da sanda.

"Wani abu kuma. Tana cikin karanta mini, daga shafi na ɗari da sha uku sai ta faɗa na ɗari da sha biyar. Sannan ta karanto mini na tsakiyar da ka. Makaho ne ni, amma na iya lissafi."

Na ce wataƙila ya faɗi ne a mota.

"Wataƙila," in ji shi.

Laraba, 16 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Bai faɗi a mota ba.

Juma'a, 18 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na fara rubuta mata wasiƙa. Na tsara ta a kan maki tara. Na ɗaya, cewa gyara ba ƙiyayya ba ce. Na biyu, cewa marubuci ba shi ne rubutunsa ba. Na uku, cewa maganata a kan mutumin cikin labarin ce, ba a kan wani mai rai ba. Na kai na shida na tsaya.

Na tuna darasin da muka taɓa koyarwa tare da Gatanan, shekara bakwai a jere, a kan masanan da suka tsaya ƙafa ɗaya a tunani, ƙafa ɗaya a labari. Aji yakan cika har taga, ba don ilimi ba, don a kalli faɗanmu. Ni ina cewa labari bawan tunani ne, aikinsa ya riƙe fitila kawai, maigida ya wuce. Shi kuma yakan ce in duba manyan nawa da kyau. Duk wanda ya yi nisa a cikinsu, in hujja ta kai shi bakin ruwa ta tsaya, sai ka ji ya gyara murya ya ce, "A ce akwai wani mutum." Daga nan ya koma mai tatsuniya, yana ɓoyewa. Ni kuma in ce misali ne kawai, ana iya cire shi hujja ta tsaya da ƙafarta. Sai ya juya ga ɗalibai ya ce, "To ku cire mu gani."

Ba mu taɓa gwadawa ba. Ƙararrawa takan cece ni.

A cire. Ashe kalmar ta daɗe a bakina.

Asabar, 19 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ba ta zo ba. Saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare.

Lahadi, 20 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na ƙarasa wasiƙar, na kai wa Gatanan. Rabona da in yi tafiyar layi biyu da ƙafa ya fi shekara. Na huta sau uku, sau ɗaya a kan bencin mai gyaran takalmi, wanda ya tambaye ni ko ɓata na yi.

Na karanta masa maki taran duka. Ya saurara, kansa a jingine da bango. Da na gama sai ya tambayi surukarsa ko akwai sauran ruwan sanyi, don ya ce an shanya shi a rana.

"Ya ka gani?" na ce.

"Ka ci jarrabawa. Saba'in bisa ɗari. In ka aika mata wannan, ko gawarka ba za ta zo gani ba."

"To me zan rubuta? Ni ban iya ƙarya irin taku ba."

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Ka ce: ran nan, da ƙarfe kaza, ina zaune a wuri kaza. Sai me ya faru? Shi ke nan sana'ar tamu, ba wani asiri. Kai da ka rubuta shafi ɗari uku a kan tausayi, akwai mutum ko ɗaya a ciki? Akwai wanda ya sha ruwa? Akwai wanda ya yi tari?"

Babu. Na duba a raina, babu. A cikin littafin nan kaf babu mai suna, babu mai ciwo. Akwai "mai tausayawa" da "wanda ake tausayawa", kamar alamomin lissafi.

Ya ce, "Ka san me ya fi ba ni haushi? Yarinyar nan ta yi abin da muka yi shekara bakwai muna nema a aji. Babin nan duk tambayarka ce: me mutum ke bin ɗan'uwansa in yana wahala a ɗakin da ke kusa? Ta yi ta ba tare da ta ambaci kalmar tausayi ko sau ɗaya ba. 'Yarka ce fa, Don-me. Kanka ta ɗauko, sai dai ita ta sa masa ƙafafu."

Na ce masa rana ta yi, zan koma.

Litinin, 21 ga wata, ƙarfe goma na safe

Nas ta ƙara mini ƙwaya ɗaya. Ta ga ɗakin ya yi zafi, ta miƙa hannu za ta kunna fanka, na daka mata tsawa. Ta tsaya tana kallona. Na ba ta haƙuri.

"Baba, in fankar ce ta yi maka laifi, a kira mai gyara. In kuma mutum ne, wayarka ga ta nan."

Talata, 22 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na buɗe ƙamus. Na fitar da shafin.

Abin da ke cikinsa ke nan. Wata mata tana kwance, ta yi wata biyar ba ta tashi. Muryarta ta tafi, don haka an ajiye mata kofin ƙarfe da cokali a gefen gado, in tana bukatar wani sai ta buga. Mijinta yana ɗakin karatu, bango ɗaya tsakaninsu, ya rufe ƙofa yana rubutu. 'Yarsu mai shekara goma sha uku tana makaranta. Matar ta buga kofi sau ɗaya. Ta sake bugawa. A ɗakin karatu tsohuwar fanka tana juyi tana ƙara kamar injin niƙa, mijin bai ji ba. Da yarinyar ta dawo da jakarta a baya, sai ta tarar da cokali a ƙasa.

Shi ke nan. Layi ashirin da shida. Babu zagi, babu tuhuma. Ko sifa ɗaya ba ta jingina wa mutumin ba.

Wannan shafin kaɗai ne a littafin ban sa wa jan biro ba.

Laraba, 23 ga wata, ƙarfe tara na safe

Zan gwada yadda Gatanan ya ce.

Ran nan, Talata, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana, shekara ashirin da biyu da suka wuce, ina zaune a wannan teburin. Ina kan babi na biyu. Kwana huɗu ina neman jimlar da za ta raba tausayi da jin ƙai, sai a lokacin ta zo mini, tana tafe a hankali kamar tsuntsun da in ka motsa zai tashi. Na baje takardu goma sha ɗaya a kan tebur da ƙasa, a jere. Saboda haka na

Ƙarfe sha biyu

Saboda haka na kashe fanka, don kada iska ta hargitsa su.

Sau uku matata ta buga, ba biyu ba. A na farko na ce a raina, ruwa ne take so, bari in kai aya. A na biyu na ɗaga murya na ce, "Ina zuwa." Na ukun bai yi ƙarfi ba. Bayansa na ji wani abu ya faɗi a siminti, na ce to ta haƙura.

Jimlar tana shafi na arba'in da ɗaya a littafina. Mai kyau ce. Wani mai sharhi ma ya ɗauko ta.

Ranar ta rasu. Likita ya ce ko da na shiga babu abin da zai canza. Na riƙe wannan maganar shekara ashirin da biyu kamar takardar shaida. Gaskiya ya faɗa. Amma ba magani take kira ba, ni take kira.

Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ashe ban iya faɗar sa ba sai a haka, da rana da ƙarfe da tebur.

Alhamis, 24 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na ɗauki tasi zuwa shagon maganin. Na yaga wasiƙar mai maki tara kafin in fita. Shafin kawai na sa a aljihu, bayan na yi masa gyara ɗaya. Na nemi baƙin biro a gidan nan kaf ban samu mai rubutu ba, dole da jan na yi. A gefen layin da fanka take na rubuta: "Fanka a kashe take. Sau uku ne. Ya ji."

Shagon cike yake. Na bi layi kamar kowa, bayan wata mata mai goyo da wani mai ɗaurarren hannu. Auta tana bayan kanta cikin farar riga, ta yi rama. Ba ta ɗago ba sai da na iso gabanta.

"Baba! Wa ya kawo ka? Kai kaɗai?"

Na ce na zo da takarda ne. Na miƙa mata ta ƙarƙashin gilashi, yadda ake miƙa takardar likita.

Ta karanta. Na ga idonta ya je ƙarshen layin ya dawo farko. Ta ninke shafin biyu ta sa a aljihun riga. Mutumin da ke bayana ya ce, "Dattijo, in ka gama ka matsa mana." Ta kira abokiyar aikinta ta ce ta samo mini tasi, ta tabbatar na shiga. Sannan ta dubi na bayana ta ce, "Sannu, me za a ba ka?"

Ban san me nake jira ta yi ba.

Juma'a, 25 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Shiru. Wataƙila da na bar mata fankarta da ya fi. Na karɓe mata littafi, yanzu na karɓe mata uba.

Asabar, 26 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Ban fitar da kofi ba. Ƙarfe uku da kwata na ji makulli a ƙofa.

Ta shigo da ambulan ɗin a hammata. Ta gaishe ni, ta tambayi jini, ta buɗe kwalin ƙwayoyi ta ƙirga, ta ce na tsallake na Laraba. Ta ɗora ruwa. Sai da ta zauna sannan ta fitar da shafin ta shimfiɗa a tebur tsakaninmu.

"Baba, na san a kashe take."

Na dube ta.

"Ai ni na banko ƙofar nan. Na same ka rigarka ta jiƙe sharkaf da gumi, takardu a baje har ƙasa, ko ɗaya ba ta motsi. Shekarata goma sha uku, amma ba makauniya ba ce ni."

"To don me kika rubuta..."

"Na rubuta shi yadda ya faru, sau biyar. Duk lokacin da na kai wurin sai in kasa ci gaba da zama da mutumin, kuma akwai sauran shafi ɗari da zan yi da shi. Sai na kunna masa fanka. Ni na sa maka ita, Baba. Kai kuma ka ce ko da fankar ma babu mutumin da zai yi haka."

Na ce mata akwai. Na ce mata ga shi zaune. Na so in ƙara wani abu, amma duk jimlar da ta zo mini mai kyau ce, sai na bar su suka wuce.

Ta share ido da bakin mayafi. Na tambaye ta yanzu wanne za ta kai musu, mai fanka ko marar fanka.

"Ranar Litinin zan kai. Wanda zan kai kuma, sai ka saya ka gani. Littafina ne."

"Gaskiya ne."

"Kuma ba ni biron nan."

Na ba ta. Ta jefa shi a jaka tare da makullanta.

Har yanzu ban san wanne ya fi gaskiya ba, shafin da ta rubuta ko gyaran da na yi masa. Da a aji ne da na ce nawa, ban ko tsaya tunani ba. Zan tambayi Gatanan, ya yi mini dariya.

Ta tashi ta haɗa shayi a kicin, ina zaune a nan, bango ɗaya tsakaninmu. Tana juya sukari, cokali ya bugi kofi.

Na ce, "Na'am," na miƙe, kafin in san na yi.

Ta leƙo. Ta daɗe tana kallona a tsaye, ina riƙe da gefen tebur.

"Zauna, Baba," ta ce. "Na ji ka."